Gerlof da ƙwan farko

Ƙanena Gerlof Tiemersma ya mutu da lambobin yabo cike da akwati, amma ni da na goya shi na san abin da ya fi so a duniya: ƙwai guda, ɗan mitsitsi, mai ɗigo-ɗigo.

Tun yana yawo da takalmin katako yake tsallake ramukan ruwan gonarmu da doguwar sanda, yana neman ƙwan tsuntsuwar kiwit. Wanda ya fara samu da zarar sanyi ya ja baya, shi ke kai wa magajin gari a cikin hularsa, shekarar nan kaf shi ne gwarzo. Gerlof bai taɓa zama na farko ba. Kullum Hidde maƙeri ke riga shi.

Sai ya yi karatun lauya, ya zama magajin garinmu, ya tafi majalisar ƙasa a Hague, inda ya dami jama'a da surutu har aka ƙara wa ganuwar da ke tare mana ruwan teku tsayi. Ga sarƙar azurfa ta magajin gari a wuya, ga tumbi. To amma magajin gari karɓa yake yi, ba ya nema! Kowace shekara Hidde zai miƙa masa ƙwai yana cewa, "Ranka ya daɗe, riƙe da kyau, na san ba ka saba ba."

Wata safiya, yana da furfura, ya yanke ta gonaki zai kama jirgin ƙasa. Ina yanka cuku sai ga shi ya faɗo kicin ɗina, taɓo har gwiwa, ya dafe doguwar hularsa da hannu biyu.

"Yaya Aukje! Na samu! Na samu!"

"Hankalin? Ai ya daɗe da ɓacewa."

"Ƙwai, ke! Yana kaina!"

Na leƙa taga. Can ga Hidde yana ɗingiso a kan ganuwa, shi ma ya dafe hula. Gerlof ya yi fari fat. Ƙwai ba ya zama na farko sai ya shiga hannun mai sarƙa, shi kuma ba zai ba kansa ba. Da Hidde ya iso ya miƙa, an gama.

"Kai da ka iya yi wa ƙasa doka," na ce, "ka tsaya kana kallona kamar saniya?"

Ya fisge sarƙar daga aljihu, ya rataya mini a kan rigar girki. "Magajin gari ya tafi Hague. Ke ce wakiliya. Karɓi!"

Na ɗauko kwanon ruwa na saka ƙwan. Idan ya taso, tsoho ne, ba a karɓa. Muka haɗa kai muna kallo. Ya gangara ƙasa ya kwanta luf!

Hidde ya turo ƙofa yana haki, ya dubi sarƙa, ya dubi kwano.

"Wannan ai maguɗi ne!"

"Kai ƙara gun magajin gari," na ce, "ga ni nan."

Hidde ya yi dariya har ya zauna. Jirgi kuwa ya tafi ya bar ɗan majalisa yana rawa a kicin da safa jiƙaƙƙiya. Gerlof ya ƙara shekaru a ofis, ya gina makaranta, ya rasu a gadonsa. Ɓawon ƙwan yana cikin kabad ɗina. Na Hidde kuwa na soya shi a ranar, na ba mai shi ya ci da burodi.