Batirin Mama Rifkatu

Har yau ban manta da ranar da Mama Rifkatu ta turo kekenta mai batiri zuwa shagona a Kafanchan ba. Ma'aikaciyar lafiya ce, duk Alhamis takan shiga rugagen wajen Kagoma ta yi wa yara rigakafi. 'Ya'yanta ne suka sayo mata keken ta intanet saboda ciwon gwiwa.

"Ɗana, ya ƙi ɗaukar caji," in ji ta.

Lokacin na shekara goma sha biyu ina gyaran babur da janareta, ina ji da hannuna. Ban tambaye ta takarda ba. Na ɗauki sukundireba, na yage 'yar jar takardar da ke manne a bakin batirin, na buɗe. A lalace yake tun daga masana'anta.

Washegari ta kawo takardar garanti, wato alkawarin kamfani na gyara ko canji kyauta. A shafin talla an rubuta shekara biyu da manyan baƙaƙe. A takardar kuwa ƙarfen keken ne kawai ke da shekara biyu, injin shekara ɗaya, batiri wata shida, muddin ba a taɓa hatiminsa ba, wato 'yar jar takardar nan da na yage. Saura kwana tara wa'adin ya cika.

Na kira kamfanin. Wata mata ta ce in turo hoton hatimin. Da ta gani ta ce, "Oga, ka yi haƙuri, wannan ya fita daga hannunmu."

Ina iya cewa kamfani ne ya ƙi, Mama ba za ta taɓa ganewa ba. Amma na ce, "Mama, da sun ba ki sabo. Ni na ɓata."

Ta dafa keken. Sannan ta ce, "Na ji. To jibi Alhamis fa? Yara na jirana."

Wata huɗu, duk Alhamis nakan rufe shago in goya ta a babur ɗina da akwatin allurai, cikin taɓon damina, har aka samu wani batirin. Ba ta sake ta da maganar ba ko sau ɗaya.

Shi ya sa, ku masu koyon aiki a shagona, nake hana ku taɓa kayan da aka sayo ta intanet kafin ku karanta takardarsa gaban mai shi: wane sashe, wata nawa, me ke soke ta. In kuma kun ɓata, ku faɗa da bakinku. Mutanen nan suna yafe kuskure. Ƙarya ce ba sa dawowa bayanta.