Girar da Hajiya Take Zana Mini

Ni ba ni da gira. Ba ciwo ba ne, yayi ne ya cinye ta. Muna 'yan mata a Matameye aka zo da yayin aske gira da reza, a ja siririn layi da jagira a gurbinta. Duk sa'o'ina sun aske, tasu ta dawo. Tawa ta yi fushi, ba ta sake fitowa ba sai 'yan tsilli-tsilli can kusa da hanci.

Ban damu ba, don hannuna ya saba da zanawa. Sai da girma ya zo likita ya ɗora mini tabarau. In na sa shi, ya tare wurin da zan zana. In na cire, madubi ya koma kamar ruwan tsari. Wata safiya na zana da ka, sai maƙwabciyata Hajiya ta shigo aron rariya. Ta tsaya tana dubana.

"Ƙanwata, me ya ba ki mamaki haka da sassafe?"

"Me kika gani?"

"Girarki ɗaya tana Kurni, ɗaya ta kama hanyar Yauri. Miƙo jagirar nan."

Tun daga ranar ta riƙa zuwa kowace safiya. Lokacin maigidana ya riga ya rasu, 'yata tana aure a Damagaram, ɗana yana neman abinci a Agadas. Daga ni sai awaki biyu a gidan. Kuma ni ba mai fita ba ce. Ba wanda ya hana ni, haka Allah ya yi ni, in na wuce zaure sai in ji kamar na bar tukunya a wuta.

To a wurinmu mace mai mutunci ba ta shiga gidan mutane kullum haka kawai. Sai da dalili: barka, ko dubiya, ko gaisuwar mutuwa, ko aro. In babu, a ce yawon gulma take yi. Hajiya kuwa a gidan ɗanta take zaune, ga suruka, ga jikoki, ana ganin fitarta da shigarta. Girata ce ta zama mata dalili. Ta bayan katanga nakan ji ta tana cewa, "Bari in je in gyara wa makauniyar nan fuska." Sai in ji jan silifas ɗinta, ƙafar hagu ta fi ja, in yi maza in shimfiɗa tabarma.

Zanen ba ya kai tafasar shayi. Amma sai rana ta iso gindin turmi take tashi. A nan nake jin wanda ya haihu, da wanda geronsa ya yi kyau, da abin da aka yi a tasha ranar kasuwa. Takan riƙe haɓata da hannun hagu, hannun yana ƙanshin turaren wuta, ta ce, "Rufe bakin nan mana, kina magana girar tana rawa." Tun rasuwar maigidana ba wanda yake taɓa fuskata sai ita.

Da 'yata ta zo hutun sallah ta ga abin, sai ta jira aka gama zanen. Da Hajiya ta fita, 'yata ta ce:

"Inna, kullum tsohuwar nan za ta riƙa tasowa saboda gira? Ai da kunya. Yanzu akwai zanen da ake yi da allura sau ɗaya, ya yi shekaru bai goge ba."

Na ce ni dai ina tsoron allura, kuma ban san abin da malamai za su ce ba. Ta ce wannan ba irin jarfar da wanzamai suke yi wa kakanninmu ba ce, a saman fata yake, da kansa yake dushewa. Ban iya ce mata ba girar ce damuwata ba. Ta yaya uwa za ta ce wa 'yar fari kaɗaici yana damunta? Sai ta ji kamar gori nake mata don ta yi nisa. Haka na haƙura, muka shiga mota zuwa wurin masu zanen.

Mai aikin wata yarinya ce da ta koyo a Kwatano, Hausarta a karkace. Ta shafa mini wani mai, wurin ya mutu, ta ɗauko wani abu kamar biro mai ƙugi irin na zanzaro. Ta ce kada ruwa ya taɓa wurin na 'yan kwanaki. Na ce, "To alwala fa, 'yar nan?" Ta dubi 'yata, 'yata ta dubi silin. Ni dai na yi alwalata, na riƙa bin wurin a hankali.

Gaskiya ta yi kyau. Da ɓawon ya faɗi sai ga gira kamar da ita aka haife ni, gashi-gashi.

Hajiya ta zo da jagira a bakin zanenta. Ta riƙe haɓata, ta juya ni dama, ta juya ni hagu, ta lashi yatsa ta goga.

"Ba ta fita?"

"Wai sai bayan shekaru."

"To madalla. Sun fi ni hannu. An sallame ni ke nan ba ko goro."

Muka yi dariya. Ta sha shayinta. Washegari ma ta zo, wai ta ga ko wurin ya kumbura. Daga nan sai ranar da aka yi haihuwa a unguwa, ko ta biyo ta gaya mini rasuwa. Ba faɗa muka yi ba. In na ji silifas ɗinta sun nufo zaure har in miƙe, sai in ji sun wuce. Na gwada aika mata ta zo ta duba mini tsakuwa a shinkafa, ta zo, amma shinkafa ba kullum ake tsinta ba. Ni kuma na shiga gidansu sau ɗaya, surukar ta kawo mini kujera da ruwa a kofin baƙi, aka kashe rediyo. Ban daɗe ba.

Haka na zauna da kyakkyawar gira, ina gaishe da awaki.

Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, zanen ya fara komawa ruwan ƙasa, wutsiyar ta ɓace. 'Yata ta gani a hoton waya ta ce lokacin sabuntawa ya yi, za ta aiko mota. Na ce a bar shi. Ta ce don me? Na ce allurar ce ba na so. Da ya gama dushewa na leƙa ta katanga na ce wa Hajiya makauniyarta ta dawo.

Ta ce, "Ƙanwata, ai na shiga makarantar matan aure. Da safe muke yi. Na kusa izu biyu, Malam ya ce kaina bai tsufa ba."

Na ce Allah ya ƙara basira, kuma har cikin zuciyata na faɗi haka.

"Amma Alhamis da Juma'a ba karatu," in ji ta.

Yanzu ranakun nan biyu take zuwa. Hannunta ya ɗan fara rawa, wani lokacin layin yakan kauce, ba na cewa komai. 'Yata har yau tana ganin rowar gata nake yi wa kaina. Sauran ranakun mako haka nake wuni da goshi fayau, in ja ɗankwali ƙasa kaɗan in mai ruwa ya yi sallama.