Khalas ɗin Basha

Har yau ban manta da ranar da aka ɗauke ni tafinta a wani ofis da ke Wustul Balad, tsakiyar birnin Alƙahira, ba, ban daɗe da gama jami'a a Giza ba. Ku da kuka shigo aikin nan bana, wataƙila zai amfane ku.

Wata tawagar tseren motoci ce daga Turai, cikin manyan duniya, kuma wani attajirin Masar ne ke da kaso mafi girma a cikinta. Basha kowa ke ce masa. Shugabar tawagar, Madam, Bafaranshiya ce. Da yake ni ɗan Damagaram ne, ina jin Faransanci da Larabci, aka zaunar da ni tsakaninsu.

Yadda na fahimci tsarin, in ban yi kuskure ba, kowace tawaga motoci biyu gare ta, da direba na ɗaya da na biyu. Ana cikin tsere shugaba kan umarci na biyu ta rediyo ya ba na ɗaya hanya. A tseren ƙarshe na biyun ya ƙi, motocin suka gogi juna, duka suka fita daga tseren. Shi ya sa Madam ta kawo na biyun Alƙahira, a yanke ko zai ci gaba da tuƙi baɗi. Ita dai tana son a bar shi.

Direban ya ba da haƙuri, na fassara. Basha ya daɗe yana juya carbinsa, sai ya ce, "Khalas." Ya tashi ya shige ɗakin ciki.

Madam ta juyo. "Me ya ce?"

Kun san khalas. Tana iya zama "ya wuce, na yafe", tana iya zama "mun gama da kai". Muryarsa ba ta karkata ko'ina ba.

Na ce, "Madam, kalmar fuska biyu gare ta, ban tabbata wadda ya nufa ba."

"Don ka tabbata aka kawo ka. Yaron nan na da mota baɗi ko babu?"

Direban kuwa bakina kawai yake kallo. A raina na fi zaton yafiya ce, amma zato ne. Na nemi izini, na je na ƙwanƙwasa ƙofar.

"Ma'alish, a gafarce ni ya Basha, khalas ɗin ta yafiya ce ko ta sallama?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Kai me ka gaya musu, ɗana?"

"Ban gaya musu komai ba."

"Da ka zaɓa mini ɗaya, da na huta," in ji shi, ba dariya.

Sai a lokacin na gane shi ma bai yanke ba. Har na fara tunanin aikina ne ya ƙare. Can ya miƙe, ya fito, ya tsaya kan direban ya ce, "Na ƙara maka shekara ɗaya. Ka sake ƙin umarni, ba sai mun zauna ba." Wannan na fassara ta kalma bayan kalma. Direban ya kifa kansa a kan tebur.

Ba zan ce duk manya haka suke ba. Amma a harkar nan, inda kujera biyu ce kawai kuma kowa na jiran wanda za a ɗora wa laifi, babba kan faɗi rabin magana ya bar na ƙasa ya ƙarasa. In ta yi kyau tasa ce, in ta ɓaci taka ce. Idan aka miƙo muku irin wannan rabin, ku mayar wa mai shi.