Hasumiyar da Mata Suka Gina da Kwano

Shekarar da kasuwar Terminus ta Jos ta ƙone, shagon atamfar Babanmu ya tafi ƙurmus. Wata biyu cur, in ba masallaci ba, ba ya leƙa ko'ina. Kakarmu Inna kuwa shi ne ɗanta na fari, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta zaunar da shi ta yi masa faɗa. To ta ina za ta ɓullo masa?

Wata rana bayan magariba, ruwa ya ɗauke, sanyin nan na Jos ya sauko, sai ta ce mu ja kaskon gawayi zuwa ƙofar ɗakin Baba, wai can iska ba ta kaiwa.

Na ce, "Inna, yau wace tatsuniya?"

"Ke uwar surutu, wannan ba tatsuniya ba ce, da idona na gani."

A ƙauyen masu haƙar kuza aka haife ta, gindin wani tudu. Da damina hazo kan rufe hanya ruf, leburori na dawowa su yi ta faɗawa tsofaffin ramuka cike da ruwa. Haka mahaifinta ya tafi. Uwarta na fita takaba ta ɗora dutse a kwanon aikinta, ta hau tudun ta ajiye. Gobe ma haka. Aka ce Allah sarki, ta zautu. Ta ce hasumiya za ta gina, a riƙa hura wuta a kanta, mazan wasu su ga hanyar gida. Sai mata suka bi ta, kowace ta tashi daga wankin kuza da dutsenta.

"Ogan lebura ya yi dariya, wai ba siminti, ruwan farko zai rushe ta. Ya kuwa rushe ta! Har sau biyu." Nan Inna ta ɗaga murya tana kallon labulen ɗakin Baba. "Washegari suka koma tsince duwatsunsu. Mata ne fa, ba masu gemu ba!"

A damina ta uku hasumiyar ta tsaya, tsawon mutum uku. Ranar da hazo ya sauko suka hura wuta suna buga kwanoni, maza suka iso gida ba wanda ya ɓace, har da ogan.

"Yanzu wai aljanu ne suka gina ta a dare ɗaya. Aljanun gidansu! Uwata har ta rasu ba gashi a tsakiyar kanta saboda ɗaukar dutse."

Muka kwashe da dariya. Daga cikin ɗaki muka ji Baba ya yi gyaran murya.

Da safe ya ɗauki teburin girkin Umma da atamfa turmi uku da suka rage a gida, ya nufi Titin Bauchi. Da teburin nan ya aurar da mu duka.

Na daɗe ina zaton mu Inna ta ba wa labarin. Sai da na haifi nawa na fari, bakina ya yi nauyi a kansa, sannan na gane mu zaman rakiya kawai muka yi a ƙofar nan.