Wace ce Kyanwar Gwaggo?

Na yi shekaru ina koyar da labarin ƙasa a wata makarantar 'yan mata a Kano, kuma duk shekara sai na zana wa ɗalibaina fadamar Haɗeja a allo: kogin da ke bazuwa bayan damina, gonakin shinkafa, da tsuntsayen da ke tahowa daga Turai su yi lokacin sanyi a can. Ina bayani kamar a can aka yanke mini cibiya, alhali ban taɓa taka garin ba. Ina son zuwa, amma albashina ba ya ɗaukar kwanan otal, kuma ba ni da kowa a can.

Wata abokiyar aikina ce ta samo mini hanya. Gwaggonta, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ke zaune ita kaɗai a Haɗeja, za ta tafi Kaduna wajen 'yarta da ta haihu, tana neman macen da za ta zauna mata a gida ta kula da dabbobinta. Ya dace da hutun ƙarshen shekara. Wurin kwana kyauta, abinci na cikin sito, nawa kuɗin mota ne kawai. Na ce ko yau aka ce in tafi na shirya.

Na iso na tarar da mota a ƙofar gida, direba yana ta danna hon. Gwaggo, da mayafi a kafaɗa, ta kama hannuna ta zagaya tsakar gida da ni tana magana da sauri, cikin irin Hausar gabas da kunnena bai saba da ita ba.

"Ga aku nan, gyaɗa da barkono, kar ki sa masa yatsa a keji. Tantabaru dawa, safe da yamma. Sai kyanwata, 'yata, ita ce amanar. Ciki gare ta, ta kusa. Kifin banda na cikin kwalla. Kar ki bari ta fita yawo, akwai karnuka a bayan layi."

"Ina take, Gwaggo?"

"Za ta zo da kanta."

Ta shiga mota suka tafi.

Ta zo da kanta ɗin kuwa, amma ba ita kaɗai ba. Ina buɗe kwallar kifi da la'asar sai kyanwoyi uku suka diro daga katanga, duka ruwan toka, duka da tumbi, suka zauna a gabana suna kallona. Na kira Gwaggo a waya. Suna kan hanya, muryarta na yankewa. Abin da na iya tsinta kawai shi ne "mai farar ƙafa". Na duba, biyu daga cikinsu suna da farar ƙafa.

Washegari na tambayi maƙwabciyarmu, wata dattijuwa mai suyar ƙosai da kowa ke kira Inna. Ta leƙo ta kalle su ɗaya bayan ɗaya.

"Waccan ce, mai yagaggen kunne. Ni na san uwarta ma."

Na lallaɓa ta da kifi na kulle a sito. Ta yini tana kuka kamar ana yanka ta. Da yamma wani tsohon tela na ƙarshen layi ya yi sallama a zaure, ya ce ya ji kukan dabbarsa a gidan nan. Na ce masa ta Gwaggo ce, mai ciki ce, an ce kar ta fita.

"Ciki kuma, Malama? Ai muzuru ne. Ƙiba ce kawai."

Na buɗe masa sito ya ɗauki abinsa ya tafi yana dariya. Na ce to, ɗaya mai farar ƙafar da ta rage ce ke nan. Na kulle ta, ta fice ta taga, na sake kullewa, ta sake ficewa. Da na gaya wa Inna, sai ta ce ai dama wannan ta gidan liman ce, kowa ya sani. Ban san me ya sa ba ta faɗa mini tun farko ba.

Shi ma akun bai bar ni na huta ba. Duk wanda ya yi sallama, kafin in buɗe baki ya amsa da muryar Gwaggo sak: "Wa alaikumus salam, ku shigo." Sai su shigo. Wata safiya na fito daga wanka na tarar da mata biyu zaune a kan tabarma, ɗaya ta naɗe hannun riga tana jiran a auna mata hawan jini. Na ce musu Hajiya ta yi tafiya, ni malamar makaranta ce.

"To ai duk ilimi ne, 'yar nan. Ɗauko abin awon, yana saman firji."

Da ƙyar na sallame su. Suna fita na ji ɗayar tana cewa ta ji muryar Hajiya da kunnenta, ɓuya kawai take yi.

Hutu ya fara nisa ban ga ko bakin kogi ba. Na gaji, na daina kulle kowace, na riƙa zuba kifi a kwano uku. Inna ta haɗa ni da ƙanenta, masunci a wajen Kirikasamma, na bi motar kasuwa da sassafe na same shi a bakin ruwa. Ya ɗauke ni a kwalekwalensa. Muka bi ta wata siririyar hanya tsakanin dogayen ciyayin da suke kira kacala, sai ga ruwa ya buɗe iya ganin ido. Ban iya gane inda kogi ya ƙare gona ta fara ba, har gabas ta ɓace mini. Tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya, sai da sama ta yi duhu. Ya nuna mini dinya da kirinjijiya da zalɓe. Na tambaye shi waɗanne ne baƙin Turai. Ya ce shi ma ya sha jin ana faɗa, da ma ni yake shirin tambaya. Muka ci gaba da kallonsu, babu wanda ya sani a cikinmu. Na ji daɗin ranar ƙwarai, duk da rabin hankalina na kan karnukan bayan layi.

Na dawo kafin magariba na ji wani ɗan siririn kuka a ɗakin Gwaggo da nake kwana. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin gado. Kyanwa ta uku ce, wadda ba ta da farar ƙafa ko ɗaya, wadda ban taɓa kullewa ba. Ta shige cikin jakar kayana ta haihu a kan atamfata, 'ya'yan suna ta rarrafe a jikinta idanu a rufe. Na zauna a ƙasa na rasa ko murna zan yi.

Ranar da Gwaggo ta dawo, ko mayafi ba ta cire ba ta wuce ɗakin. Ta sa tabarau, ta daɗe tana kallo.

"Tawa kamar ta fi wannan duhu."

"Ita ce, Hajiya," in ji Inna daga bakin ƙofa.

"Gwaggo, ba mai farar ƙafa kika ce mini ba?"

"Ni na ce haka?" Ta shafa kan kyanwar. "To, tunda a ɗakina ta sauka, tawa ce. Allah ya yi miki albarka, 'yata."

Har yau ban san ko tata ba ce. Jakar dai na bar musu ita. Gwaggo ta zuba mini sauran kayana a buhun shinkafa, ta ɗora ƙullin kifin banda a kai. A mota wata mata da ke kusa da ni ta kalli buhun, ta tambaye ni abin da ya kawo ni Haɗeja. Na buɗe baki zan yi bayani, na ga ban san ta inda zan fara ba. Na ce mata ziyara na zo.