Zabi Biyu a Kan Kwali

Shekarar da na fara koyarwa a wata firamare a Kafanchan, wajen tsakiyar shekarun saba'in, gwaggona, yayar babana, takan zo daga Madakiya ranar kasuwa ta sauka a ɗakina. A gidanmu babu wanda ya kai ta gyaran acca. In ta wanke ta rege ta tsince, sai ka ci gwatenta har ƙasan kwano haƙorinka bai taɓa tsakuwa ba. Amma a shekarun nan yashi ya fara shiga abincinta, kuma babu mai ƙarfin halin gaya mata. Ni na taɓa gwadawa, na ce ko mu je a duba idonta. Ta ce idonta lafiya lau, accar yanzu ce ba ta da kyau.

Wata ranar kasuwa, bayan ta sayar da cittarta, muka biyo ta hanyar tashar jirgin ƙasa muka tarar da mutane sun yi da'ira a gindin wani mangwaro. Wani mutum ne dogo, mai furfura a gemu, ya buɗe akwatin katako cike da tabarau, an jera su layi-layi. Ba ya ƙwala kira irin na masu talla. Abubuwa ya baza a kan tebur: kwali mai haruffa da suka fara da manya suka ƙare da ƙanana kamar tururuwa, allura da zare, da faifai mai ɗan tsibin acca. Ga kuma wani kwalin da ya kife.

Mun tsaya muna kallo wani ma'aikacin reluwe ya matso ya gwada tabarau uku. Mai akwatin ya ɗaga masa haɓa ya duba idonsa a hasken rana, sannan ya karɓe kayansa ya ce yanar ido ce ta rufe masa gani, ya tafi asibiti, shi ba shi da maganinta. Ban taɓa ganin ɗan kasuwa ya kori ciniki da bakinsa ba, kuma na lura da'irar ta ƙara matsowa.

Mai akwatin ya hango gwaggo tana riƙe da bakin zaninta nesa da fuska, tana neman inda ya yage. Ya gaishe ta ya miƙo mata kwalin haruffa. Ta ture, ta ce ita ba ta yi boko ba, kuma ba abin da ke damun idonta. Bai yi musu ba. Ya buɗe kifaffen kwalin ya sa mata a hannu. Zabi biyu aka zana a jiki, girmansu ɗaya, tsayuwarsu ɗaya. Ta hagu an shafe ta da toka-toka kawai. Ta dama kuwa an bi jikinta da ɗigo farare, ɗaya bayan ɗaya, kamar da tsinin allura.

"Mama, wanne ya bambanta da ɗan'uwansa?"

Ta duba ta ce duk ɗaya ne, zabuwa ai zabuwa ce. Wasu suka yi dariya, ya ɗaga musu hannu suka yi shiru. Ya zaɓo tabarau mai baƙin ƙarfe ya ɗora mata a hanci.

Har yau ina ganin fuskarta. Bakinta ya ɗan buɗe, ta kai yatsa kan zabuwar dama tana shafawa a hankali kamar ɗigon zai goge. Ta sauke tabarau, ta mayar, ta sake saukewa. Mutumin ya turo faifan gabanta. Nan take yatsunta suka kama aikin da suka sani, tana ware yashi gefe guda, da saurin da na san ta da shi tun ina ƙarama. Kasuwa tana ta hayaniyarta, amma a gindin mangwaron ba ka jin komai sai ƙarar yatsunta a kan faifai.

Da ta gama ta juyo ta kama fuskata da hannu biyu ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni da harshenmu yaushe na yi wannan tabon a goshi. Shekara huɗu ke nan da na yi shi.

Ta saya. Mata uku da ke bayanta su ma suka saya, ba wadda aka roƙa. Ni da na yi shekaru a kwalejin horon malamai ana koya mana yadda ake nuna wa ɗalibi abu ya gane, sai ga shi na ga darasin a wurin mutumin da ban ma san ko ya shiga aji ba.

Da muka koma ɗaki da la'asar ba ta zauna ba. Ta ciro hoton ɗanta soja daga cikin ƙullin kayanta, wanda ya aiko mata tun lokacin yaƙi, ta fita bakin ƙofa inda akwai haske. Na bar ta na ɗora ruwa a risho. Can ta kira ni ta nuna min da yatsa.

"Ashe gashin baki ya tara," ta ce. "Ba wanda ya gaya mini."

Washegari ta hau motar farko zuwa Madakiya, tabarau ɗaure da zare a wuyanta.