Rigar da Malam Bai Gama Ba

Mun bar Katsina ana kiran sallar asuba, ni da wani abokin karatuna, a cikin fijo mai ɗaukar mutum tara wadda direba ya cusa wa goma sha ɗaya. Makon da ya gabata aka sallame mu daga kwalejin horon malamai, saura shekara guda cur mu gama, saboda an buɗe makarantun firamare ko'ina kuma babu masu koyarwa. Ba a yi bikin yaye mu ba. Shugaban kwaleji ya tara mu a ɗakin cin abinci, ya ce ƙasa na bukatarmu, muka ɗaure akwatuna.

Malam Nomau, malamina na firamare, nake nema. Shi ya zauna da mahaifina a bakin gona, a ƙauyenmu kusa da Ƙetare, har ya yarda a sa ni boko. Mahaifina Bamaguje ne, bai ga amfanin allo ko alli ba, amma ya ga girman Malam. Da ciwon ajali ya kama shi, Malam ya yi masa alkawarin zai tsaya a madadinsa ranar da za a yaye ni. Ranar ce aka soke, shi kuwa bai sani ba.

Hanyar Ƙanƙara cike take da manyan motocin siminti da na kwanon rufi. Damina ta yi nisa, gero ya fid da kai, amma gonaki da yawa ciyawa ta ci ƙarfinsu, domin samari sun tafi aikin kwalta. A tasha mai shayi ya ninka kuɗin kofi. Da abokina ya yi ƙorafi, sai ya nuna masa gwangwanin madara ya ce, "Wagga daga Turai ta zo, Malam, ba daga ruga ba."

A makarantar Ƙetare muka tarar da sabon gini da sabon hedimasta. Ya ce an mai da Malam Faskari tun bara. Na leƙa tsohon ajinmu, an mai da shi wurin ajiye bencuna. Ban daɗe ba.

Zuwa Faskari a bayan wata akori-kura muka zauna, kan buhunan taki, tare da mata masu zuwa biki da rediyo sabo fil wanda aka naɗe da zane kamar jariri. Duwatsun yankin sun yi kore shar. Mun ci gasasshiyar masara da gyaɗa dafaffiya, abin da kaɗai kuɗinsa bai tashi ba a tafiyar nan. A Faskari, wani dattijo mai gadin makaranta ya dube mu ya ce, "Malam Nomau? Ai shina Sabuwa. Duk inda aka rasa mai zuwa, shi akan tura." Muka kwana gidan wani ɗan'uwan abokina a Daudawa, inda hirar duka a kan auduga take, da yadda ba a samun masu cirarta.

Hanyar Sabuwa daga Dandume ba hanya ba ce, laka ce da aka yarda a bi. Sau da yawa muka sauka muka tura mota. Wandon da na goge don ganin Malam ya koma kalar tukunya.

Mun same shi ƙarƙashin ɗorawa, da yara fiye da yadda ido zai ƙirga, allo jingine da kututture. Ya tsufa. Sai da na durƙusa na gaishe shi ya gane muryata.

"Kai! Mi ya kawo ka ana tsakiyar karatu? Kore ka aka yi?"

"An yaye mu, Baba."

"Wa ya yaye ku?"

"Gwamnati."

"Ba ta gaya mani ba," in ji shi.

Bai yi murna ba, bai kuma ɓata rai ba. Ya tashi yara, ya kai mu ɗakin da yake haya, matarsa ta kawo tuwon dawa da miyar karkashi. Bayan mun ci, ya jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin gado ya warware. Babbar riga ce ta farin saƙi, ɗinkin hannu. Aikin aljihu ya kammala, zare a kan zare, ba kuskure. Daga wuya zuwa baya kuwa zanen tawada ne kawai, allura ba ta kai can ba. Shi da kansa yake yi, bayan la'asar, gwargwadon abin da idonsa ya yarda masa. Ya auna aikin da shekarun karatuna, ya bar na shekarar ƙarshe.

Na ce ya ba ni ita haka nan, zan sa.

"Ɗan Tanko ba ya shiga mutane da rabin riga," ya ce. Rabona da jin an kira ni da sunan mahaifina tun ranar da aka binne shi. "Su suka yi gaggawa, ni ban yi ba. Baɗi war haka ka zo nan. Ni zan sa maka ita, gaban yaran nan, in faɗi abin da na shirya faɗi."

"In an sake mai da ku wani gari fa, Baba?"

"Ba ka same ni yanzu ba?"

Ya ninke rigar ya mayar. Wajen ɗaure ƙunshin, na lura sai da ya laluba kafin ya sami bakin igiyar.

Mun dawo Katsina ta Funtuwa, kan kwalta sabuwa, abokina na barci a kafaɗata. Ranar Litinin zan tsaya gaban ajina na farko, yara su kira ni Malam, albashi ya fara. Tafiyar ta nuna mini cewa kwaleji ce ta gama da ni, ni ban gama ba. Saura shekara guda, kuma a Sabuwa ake lissafinta. Abin da nake roƙo a kowace salla yanzu shi ne Allah ya bar wa Malam idonsa har allura ta kai wuya.